Paystack a idon mai sayar da turaren wuta

Ana saura kwana huɗu ƙaramar Sallah ta 2022 wata mata ta yi mini magana a Instagram, wai amarya za su kai Kaduna bayan Sallah, tana son turaren wuta kwalba shida, humra fara da baƙa, da na tsuguno da na jiki. Muka daidaita a kan naira dubu 68. Ba a jima ba ta turo hoton rasit, sunana a jiki, lambar asusuna daidai, har da ɗan koren tambarin nan mai nuna kuɗi sun tafi. Alat bai shigo ba, amma a lokacin alat ɗin bankina sai ya ga dama yake zuwa, wani sai bayan awa uku, wani sai washegari. Ta dinga kira: "Hajiya don girman Allah, motar ƙarfe biyu ce ta ƙarshe, ki rufa mana asiri kar a ji kunya." Na ɗaure kaya na ba yaro ya kai tashar Unguwa Uku. Har yau da nake wannan rubutu kuɗin nan suna hanya.

A gida nake haɗa turarena a nan Kano. Wajen goggona na koya a Maiduguri, tun ina 'yar makaranta ina taya ta dakan farce da kajiji, amma sai 2019 na mayar da shi sana'a. Ba ni da shago. Wayata ce shagon, falona kuma shi ne ma'ajiya, abin da maigida ya daɗe da haƙura da shi. Kusan duk masu sayen kayana ban taɓa ganin fuskarsu ba, su ma ba su san tawa ba.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Bayan abin Kaduna na kafa doka: ko wace ce ta turo rasit, kaya ba ya barin gidan nan sai na buɗe asusu na ga kuɗi da idona. Dokar ta raba ni da 'yan damfara, amma ta haɗa ni faɗa da mutanen kirki. Mace ta biya tsakaninta da Allah, an cire mata kuɗi, ni ban gani ba, tana ganin na mayar da ita ɓarauniya, ni kuma ina ganin wata 'yar Kaduna ce ta dawo da sabon suna. Da aka shiga canjin kuɗi na farkon 2023, bayan da Babban Banki a ƙarƙashin gwamnansa na lokacin, Emefiele, ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 aka rasa tsaba a gari, sai abin ya zama ruwan dare. Har mai kayan miya ya koma tiransifa, manhajojin bankuna suka shaƙe. A ƙarshen Fabrairun 2023 ɗin kuma gobara ta cinye Monday Market ta Maiduguri, inda mai kawo mini itace yake saro kaya, farashi ya tashi. Jari yana raguwa, kuɗin mutane kuma suna maƙale tsakanin banki da banki.

A cikin wannan halin ƙanena da ya karanci kwamfuta ya zo gaishe ni. Ya zauna yana kallona ina shiga manhajar banki ina fita. Ya ce, "Yaya, ke kullum kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Me ya hana ki buɗe Paystack?"

Na ce menene kuma wannan, wani MMM ɗin ne, tsarin zuba kuɗin nan da ya cinye kuɗin mutane? Duk wanda ya ga yadda aka koka a ƙarshen 2016 ba ya jin sabon suna a harkar kuɗi ya miƙa BVN ɗinsa haka kawai.

Ya yi dariya, ya gyara zama, don dama labari ne da yake so. Wasu matasa biyu ne, Shola Akinlade da Ezra Olubi, da suka yi karatu a Jami'ar Babcock, suka kafa kamfanin a Legas a 2015, aikinsa karɓar wa 'yan kasuwa kuɗi ta intanet. A 2016 suka samu shiga Y Combinator, wani wuri a Amurka da ke renon sababbin kamfanonin fasaha yana zuba musu jari. A 2018 suka tara dala miliyan 8, kuma cikin waɗanda suka zuba har da Visa, mai tambarin nan na jikin katin ATM, da Tencent ta China, da wani kamfani mai suna Stripe na wasu 'yan'uwa biyu 'yan ƙasar Ireland. A Oktoban 2020 Stripe ɗin ya saye kamfanin ɗungurungum, rahotanni suka ce a kan sama da dala miliyan 200, lokacin 'yan kasuwa kusan dubu 60 ne ke karɓar kuɗi ta hannunsu. Yana faɗa idonsa na ƙyalli kamar shi za a ba kason. Ni kuwa duk dalolin nan ba su dame ni ba. Abu biyu na kama: suna da lasisin Babban Banki, kuma ya nuna mini cewa na sha biyan kuɗi ta hannunsu ban sani ba. Da ya buɗe hoton allon biyansu na gane shi, na taɓa ganinsa ina biyan kuɗin wani kwas na ɗiyata.

Rajistar ba ta ɗauke mu awa guda ba. Suna da mataki biyu. Akwai na masu ƙaramar sana'a da ba su yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba, suna ce masa Starter Business: BVN, katin shaida, lambar asusunka na kanka, shi ke nan. Wannan yana da iyakar kuɗin da za ka karɓa, idan ka kai sai ka kawo takardun kamfani. Sannan akwai na masu rajista. Na fara da na farkon, kuma ban biya ko kwabo ba wajen buɗewa, babu kuɗin wata. Wautar da na yi kaɗai ita ce, akwai wani ɗan maɓalli da ke raba yanayin gwaji da na gaske, don masu haɗa shafukan intanet su gwada aikinsu da kuɗin wasa. Bayan ƙanena ya tafi na zauna na tsara shafin biya na farko cikin alfahari, na tura wa ƙawata ta gwada, abu ya ƙi. Ashe a ɓangaren gwaji na yi komai. Na kira shi cikin dare ina masifa, ya ce, "Yaya, dubi saman allon, me aka rubuta?" Na yi shiru.

Ga yadda abin yake a wajen mai saye. Mun gama ciniki a WhatsApp, sai in tura mata linki. Tana taɓawa shafi ya buɗe da sunan sana'ata da hoton kwalabena. Ta zaɓi yadda za ta biya: kati, ko tiransifa, ko lambobin USSD irin waɗanda ake dannawa ko a ƙaramar waya. Kati kowanne yana shiga, Verve ko Mastercard ko Visa, kuma ni ba na ganin lambar katin kowa, tsakaninta da su ne. Amma a cikin goma, takwas na matan da nake hulɗa da su tiransifa suke zaɓa. A nan ne dabarar take. Ba lambar asusuna ake ba ta ba. Ana ƙirƙira mata wata lamba ta wannan cinikin kaɗai, mai ɗan gajeren wa'adi, sai ta tura daidai adadin da aka rubuta. Kuɗin na sauka, shafin da kansa zai shaida, ita ta ga an ce an karɓa, ni kuma saƙo ya shigo mini da sunanta da adadin da lokacin.

Wannan shi ne abin da nake saya a wajensu, ba wani abu ba. Hoton rasit ya daina aiki a kaina. Idan wata ta turo mini sai in ce, "Hajiya ba sai kin wahalar da kanki ba, in ya shiga zan gani." Babu zargi, babu rantse-rantse, don ba ni ce alƙali ba kuma ba ita ba ce. Sannan a da idan mutum uku suka turo dubu goma-goma a yini ɗaya, ɗaya da asusun mijinta, ɗaya ta wajen mai POS na bakin layi, ɗaya da asusun ƙanwarta, sai na zauna da biro ina tambaya wace ce wace. Na taɓa aika wa mai humra turaren tsuguno saboda irin wannan ruɗanin. Yanzu kowane biya yana manne da odarsa.

Sai dai a sani, lambar nan ta wucin gadi ba da sunan bankin da aka saba take zuwa ba. Masu sayena sun fi ganin Wema ko Paystack-Titan. Wata dattijuwa a Zariya ta kira ni a tsorace: "'Yata, wannan Titan ɗin wane ne? Ni ke na sani." Tun daga nan nake haɗa linkin da ɗan saƙon murya ina bayani, in ce kar a ajiye lambar don gobe, ta yau ce kaɗai, kuma kar a rage ko naira ɗaya, kar a ƙara.

Yanzu maganar kuɗin aiki, wadda ita ce kowa ke fara tambayata. A kan biyan cikin gida suna cire kashi 1.5 cikin ɗari, da ƙarin naira 100. Idan cinikin bai kai naira 2,500 ba ana yafe ɗarin. Kuma duk yawan kuɗin, abin da za su cire ba ya wuce naira 2,000. A takarda kamar ba komai, amma sai mai sana'a ta zauna da kalkuleta. Kwalbar naira 3,000, za a cire 145, wato kusan kashi biyar cikin ɗari. A kayan da ribarsa ba ta wuce ɗari biyar ba wannan ciwo ne. Odar dubu 10, naira 250. Ta dubu 25, naira 475. Ta dubu 50, naira 850. Da ciniki ya haura wajen dubu 127 an kai wannan iyakar, don haka kayan amarya na dubu 300 naira 2,000 kacal ake cirewa, ko kashi ɗaya bai kai ba. Wato tsarin yana tausaya wa mai babban ciniki da mai ƙanƙani sosai, na tsakiyar nan, daga dubu uku zuwa shida, shi ke shan duka. Kuma a nan yawancinmu masu sana'ar gida muke.

Akwai wani lissafi da na gano da kaina, har yau yana ba ni dariya. Ƙaramar kwalbar humrata naira 2,500 nake sayar da ita. Idan an biya, sai a cire naira 137 da kwabo 50, in tashi da 2,362 da kwabo 50. Da na mayar da ita 2,400, ɗarin nan ta faɗi, aka cire 36 kawai, na tashi da 2,364. Na rage wa mai saye naira ɗari, ni kuma na ƙaru da naira ɗaya da rabi. Mata suna ta yi mini addu'a wai na sauke farashi a wannan marra.

Wasu suna ɗora wa mai saye kuɗin aikin a fili, ya ga an ƙara masa a ƙarshe. Ni ban ga hikimar haka ba a wajen mutanenmu. Bahaushiya za ta biya dubu 10 da ɗari uku ba ta ce uffan ba idan haka aka ce mata tun farko, amma ka ce dubu 10 sannan ta ga 250 ta ɓullo daga baya, an ɓata ke nan. Na cusa shi cikin farashi na huta. Maigida ma ya taɓa tambaya ko babu kuɗin ruwa a ciki, muka zauna muka duba: ba rance suka ba ni ba, ladan aiki ne, kamar na ɗan dako ko dillali.

Abu na biyu da ya kamata mutum ya sani kafin ya shiga: kuɗin ba nan take suke faɗawa asusunka na banki ba. Suna tara na yini, su turo washegari idan ranar aiki ce. A rubuce yake, ba su ɓoye ba, kuma a tsawon zamana da su yadda suka faɗa haka nake gani. Amma ka auna shi da yanayin kasuwarmu. Ni cinikina ya fi ƙarfi daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, lokacin da ma'aikata suka samu sararin duba waya kuma ake ta bukukuwa. Duk wannan sai Litinin. Idan Sallah ta zo gwamnati ta ba da hutun kwana biyu ya haɗe da ƙarshen mako, sai ka ga cinikin da ya fi kowane yawa a shekara yana zaune kana kallonsa a allo, ba ka iya taɓawa. Mai ɗan jarin da yake juyawa kullum, ya sayar da safe ya koma kasuwar Kurmi ko Sabon Gari da rana ya saro kwalabe da madarar turare, wannan tsarin zai matse shi. Ni sai da na koyi ware wani abu a gefe kafin shigowar azumi.

Shi ya sa ba na yarda idan aka ce Paystack ya fi Moniepoint ko OPay, ko su sun fi shi. Ba aiki ɗaya suke yi ba. Ka shiga Kantin Kwari ko Singa, kowane teburi da na'urar POS a kai, mai saye yana tsaye, ya zura kati ko ya tura, kuɗi su shigo nan take, a sallame shi. Wanda ke gabanka ba ya buƙatar linki. Maƙwabciyata idan ta aiko yarinya a ba ta turaren ɗari biyar ba zan ce ta buɗe shafin intanet ba, sai a yi mini dariya a unguwa. Tsofaffin masu sayena ma da muka shekara biyar tare, waɗanda nake aika wa kaya bashi, har gobe asusuna suke turawa kai tsaye. Paystack na baƙo ne: wadda ta ga hoton kayana a Fatakwal ko Abuja ko Jos, ba ta san gidanmu ba, ba ta da wanda zai tsaya mata.

Kuma abin mamaki, amanar ta ɓangare biyu ce. Ban yi tunanin haka ba da farko. Ita ma mai sayen tsoro take ji, don an sha karɓar kuɗin mata a Instagram a toshe su. Wata ma'aikaciyar asibiti a Legas ta faɗa mini cewa abin da ya sa ta yarda ta biya dubu 40 ga matar da ba ta sani ba shi ne ta ga shafin biya da rasit ya shigo mata imel, ta san aƙalla akwai wanda ya karɓi BVN ɗina.

Suna da wani ɗan shagon intanet na kyauta, Storefront, inda kake jera kaya da hoto da farashi da adadin da ya rage, ka sa kuɗin kaiwa gari-gari. Na jera nawa: hawi, gabgab, sandal, humra kala uku, kwalacca. Na sa kuɗin mota na cikin Kano daban, na Kaduna da Abuja daban, na kudu daban. Yana da kyau, yana aiki, kuma wani lokaci ina tashi sallar asuba in tarar an yi ciniki ina barci. Amma gaskiya rabin masu shiga ba sa sayen komai a can. Za su gama kallo, su dawo WhatsApp: "Anti, na ga kin sa dubu 12, nawa za ki bar mini?" Shafin intanet ba ya cewa albarka, ba ya cewa ƙara dai, ba ya ba da gyara. Mu kuwa ciniki ba tayi kamar miya ba gishiri ne. Don haka shagon ya zama wurin kallon kaya, cinikin kuma a baki, sannan in tura takardar biya da adadin da muka tsaya. Takardar tana da amfani ga masu kayan amarya, don ana rubuta komai dalla-dalla, uwar amarya ta tura wa kawu ko wan uba da zai biya ba tare da an sake kirana ana tambaya ba.

Allon duba lissafi duk da Turanci yake, haka shafin biya. Ni ina lallaɓawa, amma ƙawayena biyu da na buɗe wa sai da 'ya'yansu suke shiga. Kamfanin da ke neman 'yan kasuwar Kano da Katsina da Sakkwato zai ƙaru idan mai saye ta ga "Biya da kati" da "Tura kuɗi" da harshenta. Na kuma lura masu ƙaramar waya ko raunin sabis, musamman na ƙauyuka, sun fi son a ba su lamba kawai su je wajen mai POS. Waɗannan ba na matsa musu.

A 2024 na yi rajistar sunan sana'a da CAC, na buɗe asusun kasuwanci, na koma mataki na biyu. Dalili ɗaya ne: 'yan ƙasar waje. Matanmu da ke Ingila da Amurka da Jidda suna son turaren gida, wasu kuma suna saya wa 'yan'uwansu a nan. A da sai su nemi wani ya tura mini naira, a yi ta jeka-ka-dawo da lissafin canji. Bayan na nemi a buɗe mini karɓar katin waje aka buɗe, yanzu tana biya da katinta na can, ni in karɓi naira. Ladan ya fi tsada, kashi 3.9 da naira 100, wato odar dubu 100 za a cire dubu 4. Ban ji zafinsa ba, don ciniki ne da da ba zan same shi ba sam.

Sau ɗaya aka taɓa ƙalubalantar wani biya. Saƙo ya shigo cewa mai kati ya kai ƙara bankinsa bai san da cirar naira dubu 32 ba, ana so in kawo shaida cikin ɗan lokaci, in ba haka ba a mayar masa. Gabana ya faɗi. Allah ya taimake ni tun abin Kaduna ba na aika kaya sai na ɗauki hoton ƙullin da suna a jiki, da lambar motar, da lambar direba, kuma ina ajiye saƙon da aka ce kaya sun iso. Na tura duka. Na kira matar, sai ga zance ya fito: katin maigidanta ta ɗauka, shi kuma ya ga alat da sunan da bai sani ba ya garzaya banki. Ta ce, "Wallahi Hajiya kunya kamar in nutse." Ya je ya janye. Wanda duk zai karɓi kuɗi ta kati ya riƙe wannan: ka duba imel ɗinka kullum, kuma kar ka goge hirar ciniki. Mu da muka saba imel sai ranar neman aiki ake buɗewa, wannan sabon hali ne da dole a koya.

Ƙanena bai daina kawo mini labarinsu ba. Sun shiga Ghana, sun shiga Afirka ta Kudu a 2021, sai Kenya da Kwaddebuwa. Ya ce a watan Yulin 2024 kaɗai kuɗin da suka bi ta hannunsu sun kai naira tiriliyan ɗaya, kuma su da kansu sun bayyana cewa a 2023 tiransifa ta zarce kati a Najeriya. Wannan na ƙarshen ban yi mamaki ba, a falona na gan shi kafin su faɗa. Kamfanin da ya fara da karɓar kati a shafukan intanet ya gane cewa ɗan Najeriya ya fi yarda ya tura da hannunsa a kan ya rubuta lambar katinsa, sai ya bi mutane inda suke. A 2025 kuma suka fito da wata manhaja ta tura kuɗi mai suna Zap, ta kowa da kowa ba ta 'yan kasuwa kaɗai ba. Girman nan yana kwantar mini da hankali ta wani gefen, don ba kamfanin da zai naɗe tabarma cikin dare ba ne. Amma ba na ruɗin kaina. Tiriliyan ɗin nan na manyan kamfanoni ne da makarantu da masu jiragen sama, kwalaben humrata ɗigo ne a cikin kogi. Abin da zan yaba shi ne shafin da aka ba ni shi ne irin wanda aka ba su.

Kar kuma wata ta buɗe tana zaton zai kawo mata masu saye. Ƙawata ta buɗe, ta jera atamfofi, ta zauna wata guda ko mutum ɗaya bai leƙa ba, ta ce abin ƙarya ne. Na ce mata ai ba talla suke yi ba, karɓar kuɗi suke. Tallan naki ne, a status da Instagram da bakin waɗanda suka ji daɗin kayanki.

Idan ana tambayata, ga abin da nake cewa. Mai sayar wa 'yan unguwa, ko mai shago da ake zuwa a tsaya a gabansa, ko mai kayan dubu uku zuwa biyar da riba ƙanƙanuwa, ya riƙe asusunsa da POS ɗinsa. Mai aika kaya tasha ga mutanen da bai sani ba, mai karɓar oda goma ko fiye a yini har lissafi yana rikice masa, mai makarantar Islamiyya ko kwas da ke karɓar kuɗin rajista daga mutane da yawa, mai masu saye a waje, wannan ya gwada, tunda buɗewar kyauta ce kuma ba a cire komai sai an yi ciniki. Ya dai leƙa shafinsu ya tabbatar da farashin ranar kafin ya sa wa kayansa kuɗi.

A watan da ya wuce na zauna na haɗa abin da suka cire mini a shekara, ya kai kuɗin buhun itacen sandal mai kyau, sai da na ja tsaki. Ina cikin lissafin wata sabuwa ta yi magana, kayan dubu 55 take so, gobe za a kai amarya Gusau, motar ƙarshe ta kusa tashi. Na tura mata linki. Ta ce ita ba ta iya wannan ba, in ba ta lambar asusu za ta turo rasit yanzu-yanzu. Na ce babu damuwa Hajiya, ki taɓa kawai, lambar asusun tana ciki. Ta karanta, alamar ta yi shuɗi. Kwalaben suna nan a kan kanta inda na jera mata su.